Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Asma Daban, Toshewar Huhu Daban

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe gari, sai ka tarar ɗakunan shan magani da asibitocinmu sun cika da masu dafe da ƙirji. Wani na tari, wani na haki, wani kuwa numfashinsa na fito kamar ana busa sarewa. Yaro ne ɗan shekara bakwai, ko tsohuwa mai jikoki, ko dattijon da ya shekara talatin yana zuƙar taba, duk suna ɗaya mu ke ba abin da ke damunsu. Wasu su ce fuka, wasu su ce asma. Tun da ya ke kuwa sunan ɗaya ne, sai maganin ma ya zama ɗaya: a aika yaro kemis ya sayo ƙwaya, a sha, a kwanta. To, a kan wannan al'amari ne mu ke so mu jawo hankalin jama'a yau, musamman malaman makaranta da ma'aikatan ofisoshin hukuma, domin su ne idon garuruwansu, su a kan kawo wa takardar likita su karanta, maganarsu kuma tana da nauyi a zaure.

Abin da mu ke cewa shi ne, ƙarƙashin wannan suna guda akwai manyan cututtuka biyu masu kama da juna, amma asalinsu daban, tafiyarsu daban, maganinsu kuma daban. Ta ɗaya ita ce asma. Ta biyu kuwa ita ce toshewar huhu mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da haruffa huɗu, COPD, haka kuma za ku gan shi a rubuce bisa katin asibiti. Wanda ya gama su wuri guda ya yi musu magani ɗaya, to, ko dai ya hana wa mai asma abin da zai tsare ransa, ko kuwa ya ɗora wa mai toshewar huhu abin da zai ƙara masa wahala.

Kada wani ya ɗauka ƙaramar magana ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma a duniya, ta kuma kashe mutum 455,000 cikin wannan shekara. Ita kuwa toshewar huhu, mutum miliyan 3.5 ta kashe a shekarar 2021, har ta zama ta huɗu cikin abubuwan da suka fi kashe 'yan Adam. Abin da ya fi taɓa mu shi ne, cikin waɗanda ta kashe ba su kai shekara 70 ba, kusan tara cikin goma mutanen ƙasashe marasa ƙarfin arziki ne da masu matsakaicinsa, watau irin namu.

Yadda ciwon ke kama huhu

In muna so mu gane bambancin, sai mu fara duba yadda aka ƙera huhu. Ku ɗauka wata bishiya ce aka kifa cikin ƙirji. Gindinta shi ne maƙogwaro, rassanta su ne hanyoyin iska, suna ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa, har su ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, wajen miliyan 300 ko fiye. A cikin waɗannan jakunkuna ne iska mai amfani ke ratsawa ta shiga jini, gurɓatacciya kuma ta fito.

Mai asma, hanyoyin iskarsa ne ke da saurin fushi. Cikinsu a kumbure ya ke ko da yaushe, ko da shi bai ji kome ba. Da sun haɗu da abin da ba su so, kamar ƙura, ko sanyin asuba, ko hayaƙin maganin sauro, ko turaren wuta, ko gashin kyanwa, ko mura, sai naman da ke kewaye da su ya tsuke kamar an zuge bakin jaka, kaki kuma ya taru. Amma jakar da aka zuge tana sake buɗewa. Shi ya sa mai asma kan kwana yana neman mutuwa, gari ya waye ka gan shi a filin ƙwallo. Wanda ya sami magani na sosai zai yi rayuwarsa daidai da kowa. Wata Baturiyar Ingila, Paula Radcliffe, tana da asma, amma a shekarar 2003 ta yi gudun dogon zango na birnin Landan, mai nisan fiye da kilomita 42, cikin sa'a biyu da minti 15 da 'yan daƙiƙoƙi, abin da babu macen da ta taɓa yi kafin ita.

Mai toshewar huhu kuwa, ba fushi ne ya kama hanyoyin iskarsa ba, lalacewa ce. Hayaƙin shekara da shekaru ya ƙona su, sun yi tabo, sun ƙanƙance, 'yan jakunkunan nan kuma sun yayyage sun haɗe da juna, sun daina ja da saki. Misalinsa kamar zugazugin maƙeri ne da fatarsa ta bushe ta saki: iska na shiga, amma fitar da ita ya zama aiki. Abin da ya yage kuwa ba ya komawa. Iyakar abin da likita zai yi shi ne ya tsai da ɓarnar, ya sauƙaƙa numfashi, ya hana ciwon yawan tashi. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne, domin shi ke raba tsakanin dattijon da ke zuwa kasuwa da ƙafarsa da wanda ya kasa kai kansa bakin ƙofa.

Alamun da kowa zai iya lura da su

Asma ta fi fara kama mutum tun yana yaro, ko da ya ke tana iya zuwa da girma. Tana zuwa ta tafi. Ta fi tsananta da tsakar dare da goshin asuba. Sau da yawa za ka tarar akwai mai irinta cikin dangi, ko kuwa yaron na fama da yawan atishawa da ƙaiƙayin ido da na fata. Toshewar huhu kuwa da wuya ta bayyana kafin shekara 40. Ba ta zuwa ta tafi, zaune ta ke, kullum kuma gaba ta ke yi a hankali. Bana mutum ya kasa hawa tudu, baɗi ya kasa bin abokan tafiyarsa, shekara mai zuwa ko sa riga sai ya huta. Akwai tari mai kaki kowace safiya, in kuma ka bincika za ka tarar da tarihin hayaƙi ko ƙura a bayansa. Muguntarta ita ce a kan ɗauke ta tsufa ne kawai, ba a zuwa asibiti sai rabin huhu ya tafi.

Sai dai fa alamu ba su isa yanke hukunci ba, domin akwai wasu cututtuka masu shigar burtu. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, balle in da zazzaɓi da zufar dare da rama, wajibi ne a auna kakinsa saboda tarin fuka, awo da maganin kuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Shi kansa tarin fuka, ko bayan an warke, ya kan bar tabon da ke toshe huhu. Haka kuma ciwon zuciya na kawo haki, tare da kumburin ƙafa da kasa kwanciya rigingine. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun bayyana tun cikin shekarun 1970 yadda wannan ciwo ke kama matanmu bayan haihuwa. Mai jego da ke haki, ba maganin asma ta ke bukata ba.

Abin da ke raba gardama shi ne awo. Tun shekarar 1846 wani likita a Landan, John Hutchinson, ya fito da na'urar auna numfashi, yanzu kuwa an ƙanƙanta ta har tana shiga aljihun riga. Mutum zai cika ƙirjinsa da iska, ya hura cikinta iyakar ƙarfinsa, sai ta nuna yawan iskar da ya fitar gaba ɗaya, da wadda ya fitar cikin daƙiƙar farko. Sa'an nan a ba shi maganin buɗe hanyar iska ya shaƙa, a dakata kamar minti 15, ya sake hurawa. In iskar daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin 100, ƙarin kuma ya kai mililita 200, wannan alamar asma ce. In kuwa bayan maganin har yanzu bai iya fitar da kashi 70 cikin 100 na iskarsa a daƙiƙar farko ba, to, hanya ta toshe toshewa mai zama. Mai asma na iya hurawa lafiya lau ranar da ciwon ya kwanta, saboda haka wani lokaci sai an maimaita. Aikin duka bai kai sa'a guda ba, babu allura, babu ɗibar jini. Amma ku tambayi kanku, ya ku masu karatu, asibiti nawa ne cikin lardunanku ke da wannan na'ura da wanda ya iya aiki da ita?

Inda maganin ya rabu

Magungunan shaƙa, waɗanda mutane ke kira inhela, iri biyu ne manya. Akwai mai buɗe hanya, akwai mai kashe kumburi. Shi mai buɗe hanya kuma ya kasu biyu: mai saurin aiki, kamar salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, shuɗin nan da ke kawo sauƙi cikin 'yan mintoci ya sake bayan sa'a huɗu ko shida, da kuma mai dogon aiki wanda ke riƙe hanya rabin yini ko yini guda.

Ga mai asma, ginshiƙin magani shi ne mai kashe kumburi, domin kumburin shi ne tushen ciwon. Shuɗin nan sauƙi kawai ya ke kawowa, wutar kuwa tana nan tana ci ƙarƙashin toka. Turawa sun koyi wannan darasi da tsada. Cikin shekarun 1960 mutuwar yara da samari masu asma ta ninka kusan sau uku a Ingila, aka kuma danganta abin da wani ƙaƙƙarfan maganin buɗe hanya da a ke sayarwa a lokacin ba tare da takardar likita ba. Mutum na shaƙa yana jin sauƙi, yana ta jinkirin zuwa asibiti, har lokaci ya ƙure. A shekarar 2019 kwamitin masana na duniya mai ba da shawara kan asma, wanda a ke kira GINA, ya fito fili ya ce kada a ƙara barin baligi ko matashi mai asma bisa shuɗin magani shi kaɗai, sai an gama masa da mai kashe kumburi. Duk wanda ke ƙarar da gwangwanin shuɗi uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba, yana cikin haɗari, ya koma wurin likita.

Ga mai toshewar huhu kuwa, sai al'amarin ya juya. Ginshiƙin maganinsa shi ne mai buɗe hanya mai dogon aiki, iri ɗaya ko iri biyu a haɗe. Mai kashe kumburi ba kowa a ke ba shi ba, sai wanda ciwonsa ke yawan tashi, awon jininsa kuma ya nuna zai amfana, domin ga masu wannan ciwo yana ƙara haɗarin kamuwa da ciwon haƙarƙari, watau nimoniya. To, ga inda gizo ke saƙa: wannan mai dogon aiki da ke taimakon mai toshewar huhu, in aka ba mai asma shi kaɗai ba tare da mai kashe kumburi ba, yana iya jawo tashin ciwo mai kisa. Kun ga ke nan abin da ya zama abinci ga wani ya zama guba ga wani. Akwai kuma waɗanda suka haɗa cututtukan biyu, kamar mai asma tun yarinta da ya girma yana shan taba. Irin wannan, ƙa'idar likitoci ita ce kada a raba shi da mai kashe kumburi.

Nan ne ya kamata mu yi tir da wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mutane da yawa na tsoron inhela, wai in ka fara ba ka bari, wai kuma sai wanda ciwonsa ya kai gargara a ke ba. Wannan magana ba ta da tushe ko kaɗan. Abin mamaki, masu gudun inhela su ne ke sayen ƙwayoyin firedinisolon da dekisametason a kemis su yi wata da watanni suna sha. Maganin shaƙa ɗan kaɗan ne, kai tsaye kuma ya ke zuwa huhu, iyaka mutum ya kurkure baki bayan ya shaƙi mai kashe kumburi. Ƙwayar kuwa jiki duka ta ke bi, in an daɗe a kanta tana kumbura fuska, ta kawo ciwon sukari da hawan jini, ta rage ƙarfin ƙashi. Tana da ranarta, in ciwo ya tashi likita kan ba da ita ta 'yan kwanaki, amma ba abincin kullum ba ce. An gudu daga tsalle an faɗa rijiya ke nan.

Hayaƙin taba da hayaƙin murhu

A ƙasashen Turai da Amurka, fiye da kashi 70 cikin 100 na masu toshewar huhu taba ce ta jawo musu. A shekarar 1977 wasu masana biyu na Ingila, Charles Fletcher da Richard Peto, suka bayyana abin da suka gano bayan sun shekara takwas suna auna numfashin ma'aikata kimanin 800 a Landan. Huhun kowa na raguwa da tsufa, amma na wasu mashaya taba na zubewa da gaggawa. In mutum ya bar taba, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma saurin zubewar na komawa kusan irin na wanda bai taɓa sha ba. Har gobe babu maganin da ya kai barin taba amfani ga mai wannan ciwo, kuma ba a makara. Shisha da samarinmu suka ɗauka ado ita ma hayaƙi ce, ruwan da ke cikin tulunta ba ya wanke gubarta.

Amma a ƙasashe irin namu taba kashi 30 zuwa 40 kawai ta ɗauka. Babban abokin tarayyarta shi ne hayaƙin cikin gida. Fiye da mutum biliyan biyu a duniya da itace da kara da gawayi da kashin shanu da kananzir su ke girki. A gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda an auna mutanen karkara da suka haura shekara 30, aka bayyana a shekarar 2015 cewa kusan ɗaya cikin shida na da toshewar huhu, mata kuma ba su gaza maza ba, alhali mafi yawansu ba su taɓa sa taba a baki ba. Ku dubi madafan gidajenmu, ɗan ɗaki ba taga, rufinsa ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Abin da ya baƙanta azara shi ne uwargida ke shaƙa safe da yamma, da goyo a bayanta. Ku ƙara da mai tuyar ƙosai, da mai bandar kifi, da mai injin niƙa, da mai fasa dutse. In irin wannan baiwar Allah ta zo asibiti tana haki, aka tambaye ta ko tana shan taba ta ce a'a, sai a rubuta asma a sallame ta. Tambayar da ta dace ita ce, shekara nawa kika yi kina hura wuta?

Mun san akwai masu cewa, ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin abinci da mutuwar mata wajen haihuwa, ina ta ga sukunin sayen na'urar hura iska? Maganarsu abin dubawa ce, domin kuɗin hukuma ba kogi ba ne, inhela mai kashe kumburi kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Amma araha ba ta ado. A lissafa kuɗin gadon asibiti da iskar oksijin da ƙarin ruwa da mutum ɗaya ke ci duk lokacin da ciwo ya kayar da shi, a ƙara da kwanakin da malami bai shiga aji ba, da damunar da manomi ya kasa riƙe fartanya, sa'an nan a gwada da kuɗin awo sau ɗaya da maganin wata-wata. Ban da haka, ba kowane gyara ke cin kuɗi ba. A shekarar 1999 likitocin asibitin yara na birnin Kef Taun, a Afirka ta Kudu, suka nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda gindinta aka cusa bakin inhela, yaro ya shaƙa ta bakin gorar, tana aiki daidai da mazurarin kanti mai tsada. Buɗe taga a madafa, ko fitar da murhu tsakar gida, ko barin itace ya bushe sarai, ba su bukatar kasafin kuɗi.

Abin da mu ke roƙo

Ga hukuma, roƙonmu uku ne. A sa na'urar auna numfashi a kowane babban asibiti, a kuma horar da ma'aikaci biyu ko uku su iya ta, domin na'ura a kulle cikin kabad ba ta auna kowa. A tabbata inhela mai kashe kumburi na nan a kantin maganin asibiti bisa farashin da akawu da manomi za su iya, kada a bar shuɗin nan kaɗai. A kuma zartar da dokar taƙaita shan taba ta shekarar 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, abin da har yanzu kowa na gani bisa tebur a bakin hanya.

Ga malaman makaranta, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane malami ya san yaran ajinsa masu asma, ya bar su su riƙe maganinsu a aljihu, ya kuma ɗauke musu shara da goge allo, amma kada ya hana su wasa. In ciwo ya tashi, a zaunar da yaro sosai, kada a kwantar da shi, a kori 'yan kallo. A girgiza shuɗin magani, a fesa sau ɗaya cikin mazurari ko gorar nan, ya ja numfashi huɗu ko biyar, a sake bayan rabin minti ko minti guda, har zuwa fesa goma in da bukata. In ya kasa gama magana da numfashi ɗaya, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya fara gyangyaɗi, ko fiton ƙirjin ya ɗauke alhali yana ta fama, to, a ɗauke shi sai asibiti nan take, ana tafe ana ci gaba da fesawa.

Ga masu iyaye da kakanni a gida kuwa, in kun ga tsoho ya fara tsayawa hutu a hanyar da da ya ke bi a guje, kada ku ce tsufa ne ku yi shiru. Ku kai shi a auna. In an tabbatar toshewar huhu ce, kada ku zaunar da shi wuri guda don tausayi, gama zama na ƙara kashe ƙarfin jiki. Tafiyar ƙafa kullum gwargwadon iko, da allurar rigakafin mura da ta nimoniya inda a ke samu, da nisantar hayaƙi, duk cikin magani su ke. In kuma kun je gaban likita, ku yi masa tambaya cikin ladabi: cikin biyun nan wanne ne, da me kuma aka gane? Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.